Takardar Gayyar Gonar Tamu

Daminar da kurkunu ya kama Tamu a Dogo-Dogo, gero ya kai gwiwa, haki ya fi shi tsawo. Kurkunun ya tsinke a ciki, ƙafa ta kumbura ta yi kamar turmi, tana wari, har awaki suka daina raɓar bukkarsa.

Sai ga Inusa anfirme, ma'aikacin asibiti, daga Magaria bisa doki, kamar yadda ya saba kewaya ƙauyuka. Shi ne mai yawo da wani kurkunu mai tsawon kamu uku cikin kwalba, yana nuna wa mata a bakin rijiya don su riƙa tace ruwa. Ya duba ƙafar, ya ce in ba a kai Tamu asibiti cikin kwana uku ba, sai a yanke ta.

"Ba inda za ni in bar gona cikin haki," in ji Tamu. "Ƙafa za mu ci da rani?"

Yalwa matarsa ta yi magiya, ya juya mata baya. Inusa ya ce ta kwantar da hankalinta. Ya aro jaki wurin mai gari, ya ce Yalwa za ta sauka gidan gwaggon shi Inusa a Magaria, gona kuwa gayya za a yi mata gobe. Ya zauna gindin kuka cikin kakinsa, ya fito da takarda, ya rubuta sunan samari ashirin da biyu.

Da gari ya waye babu saurayi ko ɗaya. Duk sun gudu dajin bakin iyakar ƙasar da Ingilishi ke mulki.

Yalwa ta iske Inusa yana ba dokinsa ruwa.

"Kai ɗan nan, a bariki aka haife ka?"

"Inna, alheri na yi nufi..."

"Alheri da alƙalami! Rabon da mai kaki ya rubuta suna a garin nan, ƙanena aka tafi da shi fasa dutsen hanya. Wandonsa kaɗai aka kawo mini. Kai ka zauna tsakar gari kana tambaya, wane ɗan wane!"

"An hana aikin tilas tuni."

"Je ka faɗa musu, suna can cikin sabara! Wa ya taɓa kiran gayya da takarda? Ko uwarka ba ta noma?"

Ta fizge takardar daga aljihunsa, ta ja shi ƙofar mai gari, ta ce shi da hannunsa zai sa ta a wuta, tsofaffi suna kallo. Ya sa. Ba ta huce ba. Ta wuce gidan Ɗanjuma makaɗi, tsohon da ƙafarsa ba ta iya gudu, ta sa Inusa ya ɗora gangar noma a ka, ya goya tsohon bisa doki har bakin gona.

Ɗanjuma ya soma. Kowane saurayi da takensa, kuma manomi ba ya jin takensa ya zauna. 'Yan mata sai su sa shi a waƙa. Ya kaɗa na wani saurayi Bawa har sau huɗu kafin sabara ta motsa. Kafin azahar mutum tara sun fito, suna tafe suna harar kakin Inusa. Sauran ba su yarda ba.

Yalwa ba ta yi guɗa ba. Ta koma bukka, ta tsaya kan Tamu.

"Ka ji ganga? Gonarka ce. Tashi."

"Su nawa ne?"

"Tara."

"Tara ba sa gama ta yau."

"Wallahi maigida, in ka ƙara magana ni zan yanke ƙafar nan da gatari, in hutar da Nasaran asibiti!"

Tamu ya dube ta, ya ga babu wasa a fuskarta. Ya miƙa wa Inusa hannu, suka cicciɓe shi bisa jaki. Yalwa ta ɗauki ƙwaryar fura, ta zabga wa jakin kara, suka kama hanyar Magaria, ita a gaba.