Dokin da Kuramochi Ya Zaɓa

Wata uku rabon Kuramochi da ya canki dokin da ya zo na ɗaya, kuma a watanni ukun nan ne kasuwarsa ta cika irin cikar da ba ta taɓa yi ba. Da wani ne, da ya zauna ya tambayi kansa yadda aka haihu a ragaya. Shi kuwa ina! Sai ma ya je ya sayo sabuwar hula.

Shekara talatin da huɗu yana sana'ar hasashe a ɗan filin sukuwar garinmu. Rumfarsa tana ƙarƙashin benen 'yan kallo, kusa da masu abinci. Ba wani abu ba ce, ɗan dandamali ne da allo, sai jan alƙalami a bayan kunne. Kafin kowane tsere yakan hau dandamalin ya yi bayani: wane doki ne ya rame, wane ne ya tara teɓa, wane mahayi ne hannunsa ya yi nauyi a linzami. In ya gama, mai so ya miƙa yen ɗari biyu a ba shi 'yar takarda a ninke, da lambar dokin da Kuramochi ya tsayar a cikinta. Bayanin kyauta ne, lambar ce ta kuɗi. Amma a wajensa bayanin shi ne aikin. Don shi yake fitowa da sassafe ya daskare a bakin shinge yana kallon dawaki suna motsa jiki. Lamba kuwa, ai ko wanda bai taɓa ganin doki ba ya iya faɗar ta.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Mutanen nan ba sa sauraro. Layi har bakin matakala, amma kowa ya karɓi takardarsa sai ya juya, Kuramochi yana tsakiyar magana. Ya ce da kansa zamani ne, kowa sauri yake yi.

Ran nan Lahadi, tun safe ake yayyafi. Bayan tsere na shida yunwa ta sauko da shi, ya nufi wajen Tokie, tsohuwar da take sayar da farfesun kayan ciki. Tare suka tsufa a filin nan, kuma duk wanda ya san ta ya san bakinta ba ya da murfi. Yana tsaye tana zuba masa, sai ya ji sunansa daga bencin baya. Nabeshima ne, tsohon direban bas, wanda bai taɓa fashin layin rumfar ba. Ya ba Kuramochi baya, ya shimfiɗa jaridar sukuwa a cinya, abokansa biyu sun leƙo.

"To, mu ga wa Malam Kuramochi ya kashe mana," in ji Nabeshima. Ya warware takardar. "Lamba huɗu! Sannu, huɗu, sai wata rana."

Ya ja layi a kan sunan dokin, suka tuntsure da dariya.

"Saura tara. Kai, mutumin nan yana rage mana aiki."

Kuramochi ya dubi Tokie. Ita kuwa ta ci gaba da juya ludayi.

"Me yake nufi?"

"Abin da ka ji."

"Tokie, tambayarki nake."

"Haba Malam, wai da gaske ba ka sani ba? Ni na ɗauka ka sani kana shan romonka ne shiru. Sayen takardarka suke su soke abin da ka rubuta. Duk dokin da ka sa wa hannu ba ya zuwa, to in an cire shi ai zaɓi ya yi sauƙi. Har daga garin gaba ake shigo jirgin ƙasa dominka. Jiya wani ya ce mini kai ne mutum mafi amana a filin nan."

"Amana?"

"Eh mana. Ba ka taɓa ba su kunya ba."

Kunya ce ta kama shi, irin wadda take hawa har kunnuwa. Ya tuna yadda yake sunkuyar da kai yana godiya ga kowane mai saye, ya tuna hular, ya ji da ma ƙasa ta tsage. Ya ɗauki kwanon ya ajiye, ya sake ɗauka.

"Ci abincinka," in ji Tokie. "Kuma ka ji shawarata, ka ci gaba da faɗuwa. Da kana cin daidai jefi-jefi, romo zalla kake saye a wajena. Yanzu dubi nama."

Abin haushin, maganarta tana kan hanya. Abin da ya fi haushi kuma, yau ɗin nan yana da doki. Ba irin na kullum ba, wanda yake tsayarwa don dole sai an tsayar da wani. A tsere na ƙarshe akwai wata goɗiya kili, Mikan Hime, wadda ya yi makonni yana bibiya. Tsere biyar a jere tana zuwa can baya, duk jaridu sun yafe ta. Shi ya san dalili, kuma ya san yau dalilin ya kau.

Ya koma rumfa yana saƙa da warwara. In ya rubuta lambarta, za su soke ta, ta ci, su yi asara, gobe kuma layi ya watse, don wa zai sayi takardar da ba a san ko bi ake ko sokewa ba? In ya rubuta wani dokin banza, kowa ya ji daɗi, kasuwa ta ɗore, shi kuma ya zama abin da suka ɗauke shi har ya mutu. Tsere huɗu ya yi yana sayar da takardu kamar wanda aka aiko, duka huɗun kuma ya faɗi. Layi ya ƙara tsawo.

Da aka zo na ƙarshe, wajen ƙarfe huɗu da rabi, ya hau dandamali ya rufe akwatin takardun. Ya zaro jan alƙalami ya rubuta lambar goɗiyar, sha ɗaya, a allo, ɓaro-ɓaro.

"Wannan karon ba na sayarwa," ya ce. "Ga ta nan kyauta. Na san abin da kuke yi da takarduna, na ji da kunnena. Ban yi fushi ba."

Ƙarya yake, ya yi.

"Abu ɗaya nake roƙo. Ku tsaya ku ji dalili, minti uku kawai. In kun ji, ku soke."

Wasu suka sunkuyar da kai. Sai wani daga baya ya ɗaga murya: "Malam ya yi mana kyauta!" Shi ke nan wuri ya kaure da tafi. A gabansa, ido cikin ido, alƙalumma suka hau kan sha ɗaya.

"Mun gode, Malam!"

"A daɗe ana yi!"

"Goɗiyar nan ba ta son yashi a fuska," in ji Kuramochi da ƙarfi. "Tsere biyar ɗin da kuka gani a jarida, duk daga ƙofar ciki ta tashi, a tsakiyar dawaki..."

Bayansu yake yi wa magana. Sun riga sun yi wajen sayen tikitin caca, Nabeshima a gaba. Kuramochi bai fasa ba. Ya yi bayanin nan tun daga farko har ƙarshe, ba wanda ke wurin sai mai shara da Tokie da take leƙowa daga bayan tukunya, ita ma ba don ta damu da doki ba.

Ya rufe rumfa ya fita bakin shinge. Shi bai taɓa zuba ko yen ɗaya a kan doki ba, amma ranar da hannu biyu ya riƙe shingen.

Aka buɗe ƙofofin tashin dawaki. Dawaki sha ɗaya suka fito, yashi ya jiƙe sharkaf. Wani akawal, lamba uku, wanda kusan duk filin ya bi, ya kama gaba ta jikin shinge. Goɗiyar tana can waje ita kaɗai, ba doki a gabanta, ba mai watsa mata komai. A kwanar farko ta biyar ce. A miƙaƙƙen baya ta zama ta uku, mahayinta ko bulala bai ɗaga ba. Da suka karyo kwanar ƙarshe sai ga ta kafaɗa da kafaɗa da akawal ɗin, benen ya ɗauki ihu: "Uku! Uku! Riƙe, uku!"

Kuramochi bai san lokacin da ya fara dukan shinge da sabuwar hularsa ba.

"Taho, 'yar albarka! Taho ki wanke ni!"

Ta wuce da tsawon doki biyu.

Ban taɓa jin filin nan ya yi shiru irin na ranar ba. Sai tikitoci da suka dinga saukowa daga bene. A duk faɗin wurin mutum ɗaya ne yake tsalle, tsoho ɗan shekara sittin da takwas, hula ta yi kaca-kaca da laka.

Kafin ya koma rumfa sun taru, fuska a murtuke. Nabeshima ne ya yi magana da yawunsu.

"Malam, ka cuce mu."

"Ni? Me na rubuta a allo?"

"Ai shi ne cutar! Wata uku muna dogara da kai. Mutum ya tashi cin daidai, ba sai ya yi gargaɗi ba?"

"Na yi. Minti uku na roƙa."

"To yanzu gobe in mun sayi takardarka, mu bi ko mu soke?"

"Oho muku," in ji Kuramochi, yana dariya har da hawaye.

Suka watse suna ƙunƙuni. Wani ya ce an yi an gama, ba sauran abin dogaro a duniya. Kuramochi ya san gobe ba layi, kuma ya san abin zai yi ciwo in goben ta zo. Tokie ta ɗaga masa ludayi daga nesa. "Ka kyauta! Sai ka koma romo."

Ya fara goge allo. Da ya waiga sai ya ga Nabeshima bai tafi ba. Yana tsaye yana juya jiƙaƙƙiyar jaridarsa, yana duban layin da ya ja.

"Wai ni, Malam, yaya aka yi ka sani?"

"Na faɗa ɗazu."

"Ban ji ba."

"Na san ba ka ji ba."

Nabeshima ya sosa ƙeya. "To, a sake mana."

An gama tsere, ba abin sayarwa, ma'aikata har sun fara jan ƙofofi. Kuramochi ya ajiye tsumman, ya hau dandamali, ya gyara murya kamar mutum ɗari ne a gabansa. Ya ce goɗiyar ba ta son yashi a fuska, da zarar na gaba ya watso mata sai ta ɗaga kai ta saki gudu. Ya ce yau ta tashi daga ƙofar waje, ga ruwa ya danne yashin. Ya ce ta sauke kilo takwas tun watan jiya, kuma sabon mahayin nan hannunsa da sauƙi.

"A'a, tsaya nan," in ji Nabeshima. "Wannan mahayin? Wanda ya kusa faɗowa makon jiya? Malam, a nan kam ban yarda ba. Goɗiyar ce ta ɗauko shi, ba shi ya kawo ta ba."

"Kai direba, me ka sani game da linzami?"

"Na san mai riƙe sitiyari da tsoro in na gan shi."

Wani daɗi ya cika Kuramochi har wuya. Ya zaro jan alƙalamin daga bayan kunne.

"Matso kusa," ya ce. "Bari in zana maka kwanar ka ga inda ka ɓata."