Kwabon da ke ƙarƙashin turke

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna bai yi nisa ba, kuma ko a coci ba na iya ɗaga kai in an kalle ni. Yayar Mama, Ionie, wadda muke kira Gwaggo, ita ce ta matsa mini.

Babana, Cuthbert, maƙerin jiragen katako ne a nan tsibirin Carriacou. A wajenmu ba a kafa turken jirgi, wato dogon itacen da ake ɗaura wa ƙyallen iska, sai an sa kwabo a gindinsa, ɓangaren da ke da hoton kai yana kallon sama. Shekarar da Mama ta rasu wajen haihuwata ya gama jirginsa na ƙarshe. Ya sa wani tsohon kwabon tagulla mai hoton Sarauniyar Ingila tana matashiya. Ya ce wuyan nan da hancin nan na Mama ne sak.

Mama ba ta bar hoto ba. Tsabar da muke kashewa kuwa Sarauniyar da ke jiki ta riga ta tsufa. Duk sanda na tambayi kamanninta sai Papa ya ce, "Tana ƙarƙashin turke. Wata rana za ki gani."

Bara guguwar teku ta jefa jirgin kan duwatsu. Bayan wata biyu Papa ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ran wata Asabar ya kira ni da yayana Denroy, ya ce mu je mu ɗauko masa kwabon.

Denroy ya saɓi guduma yana mita.

"Gwamnati na maganar cire kan matar nan daga kuɗinmu, mu kuma an aike mu tono ta. Kin ga aiki."

"Ba don ita ba ne," na ce.

"Verlyn, Mama baƙa ce kamar gindin tukunya. Ina ta haɗu da Baturiya?"

Gwaggo Ionie, wadda ta biyo mu da garwar ruwa, ta ɗaka masa duka a ƙeya.

"Ƙanwata kake kira tukunya, mai kai kamar kwakwa? Tagulla ai ba fara ba ce. Buga, ka daina surutu."

Rana ta take kafin kututturen turken ya motsa. Denroy ya ja baya, ya ce ni in sa hannu. Na laluba cikin ruwan gishiri da laka har yatsuna suka taɓa shi. Na goge da bakin siket ɗina. Kore ne. Na ƙara gogewa da yashi, Gwaggo ta matsa lemun tsami a kai. Tsatsar ta fita, amma babu kowa a jiki. Ba hanci, ba kambi, ba rubutu. Sumul kamar maɓalli.

Denroy bai yi dariya ba. Ya ce, "Akwai irinsa wajen masu sayar wa baƙi tsofaffin kaya. In saya, ba zai gane ba."

Gwaggo ta ce, "Mutumin da ke gane katako da ƙamshi?"

Muka koma gida. Papa yana jingine da filo. Na sa masa a hannun da ke aiki. Ya kai shi kusa da ido, ya juya, ya sake juyawa, ya shafa da babban yatsa. Ya daɗe.

"Papa, ba komai," na ce. "Ka faɗa mini kamanninta da baki kawai."

Ya rufe hannunsa a kan kwabon.

"Ba zan iya ba, 'yata. Fuskarta ta ɓace mini tun kina rarrafe. Ina tuna muryarta, ina tuna yadda take yanka albasa. Fuskar ce babu. Na zaci in na ga wannan za ta dawo."

Denroy ya fita waje. Ni na shiga kicin na tsaya gaban murhu, ban kunna ba. Gwaggo ta same ni a nan. Ta kama haɓata, ta juya fuskata wajen taga, ta yi ta kallo har na ji kamar in nutse.

"Kullum kanki a ƙasa, gashi ya rufe rabin fuska," ta ce. "Ta yaya bawan Allah zai ga fuskar uwarki a taki?"

Washegari na tattara gashina sama na ɗaure. Na kai wa Papa shayin ganye da burodi, na jawo kujera kusa da gadonsa. Na zauna na ba shi gefen fuskata, idona a kan teku. Ina jin kallonsa a kumatuna kamar zafin wuta. Ban sunkuyar da kai ba. Shayin ya huce a hannunsa.