Ƙuri'ar Rukhsar

"Sunanki ba ya cikin rajistar mata," in ji 'yar sandan da ke bakin rumfar zaɓe, ta miƙo wa Rukhsar katinta ba tare da ta kalle ta ba. "Koma can layin maza."

Rukhsar ta gyara mayafinta ta ratsa filin makarantar. Shekara ashirin ke nan da ta bar gidan ubanta, ta bar sunan Tanwir, ta koma cikin khwaja sira, waɗanda aka haifa maza suke rayuwar mata. Yau hotonta ne a jikin bangon unguwa, tana neman kujerar kansila, alamarta famfo. Wata biyu tana bi gida-gida tana maganar kwatami da ruwan sha. Wasu sun ba ta shayi, wasu sun watso mata ruwan wanke-wanke.

"Ku ba amarya hanya!" wani mai gemu ya faɗa, layi ya ɗauki dariya.

"Ranki ya daɗe kansila, in kin ci rawa za ki riƙa yi mana a majalisa?" ya ƙara da cewa.

"In ka share kwatamin ƙofar gidanka, har da waƙa," ta ce. Aka sake dariya, wannan karon shi ake yi wa.

Sai da ta yi awa guda a rana kafin ta shiga ajin. Jami'in zaɓe ya ɗaga murya don wakilan 'yan takara su ji: "Tanwir Ahmad, ɗan Gulam Rasul." Ya dubi tsohon hoton da ke rajista, ya dubi janbakinta da 'yan kunnenta.

"Wannan ba kai ba ne. Ko in ce ba ke ba ce."

"Ni ce, Malam. Sau uku ina zuwa a gyara, ana ce mini in dawo."

"Akwai wanda zai shaide shi a nan?"

A bencin wakilai, riƙe da takardun abokin takararta, yayanta Shafkat ne zaune. Ya yi furfura. Ta san yana yi wa mutumin aiki, ba ta dai zaci za su haɗu a ɗaki ɗaya ba.

"Yaya," ta ce a hankali.

Shafkat ya juya shafi. "Ina da ƙane mai wannan sunan," ya ce wa jami'in. "Ya daɗe da mutuwa."

Jami'in ya ture mata katin. "To kin ji. Na gaba!"

Ta fito babu tawada a yatsa, ba ta ko ga famfon da aka buga kusa da sunanta a takardar ƙuri'a ba. A bakin ƙofa wata tsohuwa ta kamo gefen rigarta: Gwaggo Zubaida, maƙwabciyarsu ta dā, wadda ke ɓoye ta a ɗakin girki duk ranar da ubanta ya ɗauko bel.

"Ga shi, famfo na dangwala," ta ce, tana nuna babban yatsanta. "Jikana ya ce in dangwala kibiya, alamar abokin takararki, na ce masa to." Sai ta sassauta murya. "Ya haƙuri, 'yar nan? Ranar jana'iza na yi ta baza ido ban gan ki ba. Na ce ko hana ki suka yi."

"Jana'izar wa, Gwaggo?"

Tsohuwar ta saki rigar. "Innalillahi. Ba su aiko miki ba? Mahaifiyarki. Larabar da ta wuce, bayan azahar."

Rukhsar ta tuna Larabar. Tana cikin keke mai ƙafa uku da lasifika a kai, tana kiran mutane su fito zaɓe, sai ga mutane ɗauke da makara sun biyo babban titi. Ita ta sa direba ya tsaya ya kashe lasifikar. Ta sunkuyar da kai, kamar yadda ta saba idan maza sun yi yawa, ta yi wa mamacin addu'a. Da suka wuce ta ce a kunna.

"Ta sha wahala?"

"Kwana biyu kacal. Ba ta sha ba."

Daga tsallaken titi 'yan uwanta khwaja sira suna ɗaga mata hannu, suna tafi, suna kiran ta nuna musu yatsa. Ta ɗaga musu hannu a dunƙule, suka ɓarke da guɗa.

"Gwaggo," ta ce, "kin san inda aka sa ta?"

"Na sani. Amma ƙafata ba ta sauri."

"Ba sauri nake ba."

Ta riƙe hannun tsohuwar, suka bi ta bayan makarantar.