An Cika wa Kyaftin Finjali

Da muryarsa na gane shi. Wata da watanni muryar nan tana tashi daga wayar ƙanena Suhaib, har a kan abinci: "Ɗalibaina, kartar poka ba sa'a ba ce, ilimi ce."

Kyaftin yake kiran kansa, bai taɓa nuna fuska ba, sai hannuwa suna juya karta. Suhaib ya sayi darasin farko, aka ce sirrin yana na biyu. Ya sayi na biyu, aka ce ai na manya yana na uku. Tasin da yake ci da iyali da ita a nan Irbid ya sayar ya biya. Daga baya muka ji darussan tsince-tsince ne daga abin da ake samu kyauta, kuma shafin cacar da yake tura su, duk wanda aka cinye yana da kamasho a kansa. Da Suhaib ya yi ƙorafi sai ya toshe lambarsa. Matar Suhaib ta kwashi yara ta koma gidansu. Wauta kam ƙanena ya tafka. Amma ni Tahani ba na yafe wa wanda ya cuci wawa, balle wawan namu ne.

Wata Juma'a bayan la'asar dattawa suka zo neman auren Ruwaida, 'yar Baffa Abu Zuhair. An ce mana saurayin, Laith, aikin kwamfuta yake yi wa wani kamfani a Dubai. Ina ɗakin girki riƙe da farantin kunafa, kayan zaƙin da muke ba baƙi, lokacin da ya gaida maza a falo. Muryar Kyaftin ce sak.

Na ja Ruwaida gefe na kunna mata bidiyon da Suhaib ya taɓa turo mini yana kuri.

"Yaya Tahani, wannan ai muryar Laith ce. Ga ma zobensa!"

"To shi ya cinye motar Suhaib. Bari in fita in yi masa tatas."

"Tsaya, ba sai kin ɗaga murya ba," in ji ta, idonta a bushe. "Wa ke zuba gahawa yau?"

Ta aika aka kira mata mahaifinta ta nuna masa bidiyon, ni kuma na tare Suhaib a bakin ƙofa. Shi ke riƙe da butar gahawa.

"Yaya, wallahi shi ne."

"Na sani. Cika masa."

"Har baki? A gaban manya?"

"Shi a ɓoye ya yanka ka. Mu 'yan halak ne, a fili za mu yi."

A wurinmu ɗan kaɗan ake zuba wa baƙo a gindin finjali. Wanda aka cika wa har baki, an ce masa ke nan ya sha ya ba mu wuri.

Ta bayan labule na kalla. Kawun Laith ya ajiye finjalinsa bai sha ba, kamar yadda ake yi, ya zuba jawabi a kan asali da tarbiyya. Kowa yana jira Baffa ya ce, "Ku sha gahawarku, mun ba ku." Baffa ya ci gaba da jan carbinsa. Suhaib ya tsallake dattawa ya tsaya a gaban Laith, ya yi ta zubawa har gahawa ta malalo, ya miƙa masa.

"Abu Zuhair, wane irin cin fuska ne wannan?" in ji kawun.

"Tambayi Kyaftin," in ji Baffa.

Mutumin da ya sayar da darasi guda a kan yadda ake ɓoye tsoro a fuska, sai ga leɓensa yana karkarwa. Daɗi har cikin raina.

"Darasi na uku, Kyaftin," in ji Suhaib. "Wanda bai san lokacin tashi daga tebur ba, shi ake ci."

Kawun ne ya fara miƙewa, ko kallon ɗan 'yar'uwarsa bai yi ba. Sauran suka bi shi, gahawarsu ta huce a inda suka ajiye ta.

Motar ba ta dawo ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma kunafa ba ta yi asara ba: gida-gida na raba wa maƙwabta, kowane faranti da labarinsa, da sunan Laith, da na ubansa. Kafin magariba Irbid ta san fuskar Kyaftin.