Malafa a Kan Azara

Oom Barend, wato Kawu Barend, ya manna ido a sabon madubin bindigar yana ƙyalƙyala dariya kamar yaron da aka saya wa keke.

"Ragel! Zo ki ga ikon Allah! Bishiya ce guda a ciki, har da rassa!"

Wikus, dillalin kayan harbi, shi ya shimfiɗa hajarsa a bayan a-kori-kura a bakin filin gasa. Tsohon madubin Barend layi biyu ne siraru a gicciye, shi ke nan. Wannan kuwa daga tsakiya zuwa ƙasa ɗigo ne jere-jere, suna ƙara faɗi. Wani na faɗuwar harsashi, wani na iska.

"Oom, da wannan ba sai ka murɗa komai ba," in ji Wikus. "Ka zaɓi ɗigo, ka ɗora, ka ja kunama."

Tannie Ragel, wato Inna Ragel, matar Barend, wadda ke duba masa inda harsashi ya sauka tun suna da baƙin gashi, ta leƙa sau ɗaya ta janye kai.

"Wannan ai daji ne. Ta ina za ka ga abin da ke ƙarƙashin farantin da za ka harba? Tsoho, ba a fafe gora ranar tafiya."

Gaskiya ta faɗa. To amma wanda zuciyarsa ta riga ta hau doki, kunnensa a ƙasa yake barinsa. A kulob ɗinmu na harbi a nan yankin Karoo, duk wanda ya buga farantin ƙarfe na mita dubu, sai a kafe malafarsa da ƙusa a azarar rumfa kafin a sauke nama daga wuta. Malafu sun cika azara, har da na 'yan jiya-jiya. Tsofaffi biyu ne kawai tasu ba ta hau ba: Barend da maƙwabcinsa Sarel. Shi Barend kuwa ya sayar da gonar tumakinsa, ƙarshen wata zai koma gidan 'yarsa a bakin teku. Gasar yau ita ce ta ƙarshe.

Ya ɗaura madubin, ya daidaita saiti a kusa, ya dawo yana rangaji.

"Sarel, ka shafa wa ƙusa mai, yau tawa za ta hau!"

Sarel na tauna busasshen nama, ko kallonsa bai yi ba.

"Kai da ko ƙofar rumbu ba ka samu sai an riƙe maka ita? Bishiyar taka, ka jira ta yi 'ya'ya ka aiko mini."

Da rana ta take aka kira su tare, kamar yadda aka saba, bibbiyu. Suka kwanta rub da ciki, Barend a layi na uku, Sarel a na huɗu. Can ƙarshen fili farantai na jere, kowanne da allon lambarsa a ƙarƙashi. Iska kuwa ta tashi da rashin mutuncinta, tutoci na kaɗawa kamar za su tsinke.

Barend ya murɗa madubin har ƙarshe, faranti ya matso kamar ya miƙa hannu ya taɓa. Ya harba.

"Ƙasa, dama," in ji Ragel daga bayan nata madubin hange.

"Na gani, na gani! Kai, Ragel, har ƙurar nake ƙirgawa da ɗigo!"

"Ka daina surutu ka harba."

Ya yi ta harbi, ƙura na ta tashi, yana ta murna kamar ƙurar ce ake ba wa kyauta. Sarel ma haka, sai dai shi zagi yake yi. Har ya rage wa kowannensu harsashi ɗaya.

Bugun bindiga ya ɗan goce da Barend. Ya dawo da ido, ya lalubo faranti, ya shiga ƙirga rassa, leɓensa na motsi. Allon lamba kuwa yana can ƙarƙashin ɗigogi, ya ɓace a cikin daji. Iska ta ɗan lafa, tsofaffin biyu suka ja kunama kusan tare.

Shiru. Sai can, daga nesa, ƙarar ta iso: tauuu!

"Na huɗu!" alƙalin gasa ya yi kira. "Faranti na huɗu! Sarel!"

Sarel ya miƙe kamar ba shi ne mai ciwon gwiwa ba. Ya yi tsalle, ya rungumi alƙali, ya rungumi Wikus, hawaye na bin gemunsa.

Ragel ta sunkuyo kan mijinta, murya ƙasa-ƙasa.

"Tsohon banza. Na ga tafiyar harsashinka. Farantin Sarel ka buga, a tsakiya cak. Nasa can ya tayar da ƙura wajen shinge."

Barend ya zaro ido.

"Ni? Mita dubu? A tsakiya?"

"Farantin wani, na ce."

"Amma a tsakiya!" Ya toshe baki da hannu, kafaɗunsa na rawa.

"In ka faɗa, an soke nasa, kai ma ba a ba ka. Sai ka zaɓa."

Barend ya dubi Sarel. Mutumin da suka yi shekara da shekaru suna faɗa a kan shinge da rijiya, ga shi yana rawa kamar ɗan maraƙi. Sai dariya ta sake ƙwace masa, ta ƙi tsayawa.

Nan fa Sarel ya cire malafarsa ya wurga sama don murna. Iskar Karoo ba ta san wasa ba. Ta cafe ta, ta yi gaba da ita, ta tsallake igiyar iyaka, ta yi cikin filin harbi tana birgima har ta zama ɗigo. Wasu maharba biyu sun riga sun kwanta, alƙali ya ce ba mai shiga sai yamma.

"Nama ya kusa!" masu gashi suka yi kira. "A kawo malafa!"

Sarel ya tsaya da sanƙo a rana, yana waige-waige. An jingina tsani, an kawo guduma. Sai Ragel ta miƙa hannu ta zare ta kan mijinta.

"Ungo, Sarel. Ari wannan, ai malafa malafa ce."

"Wannan tsumman? Wari take yi kamar tunkiya!"

"To ka jira baɗi."

Sarel ya karɓa yana gunaguni, ya hau. Barend ne ya riƙe masa tsani, jikinsa na ɓari don dariya har tsanin na girgiza.

"Riƙe da kyau, makaho!" Sarel ya daka masa tsawa daga sama. "Kuma ka ji shawara, ka mayar wa Wikus bishiyarsa."

"Buga ƙusar sosai," in ji Barend, yana share ido. "Kada ta faɗo."