Ganga Cikin Ganga

Wata huɗu ke nan da Direba ya miƙa makullin motar kamfani ya dawo gida gaba ɗaya, amma ƙafarsa ta dama ba ta san an yi ritaya ba. Da ya zauna sai ta kama rawa tana neman totur. Ya kwance famfon da lafiyarsa ƙalau, ya cire ƙofar banɗaki ya mayar har sau biyu.

Matarsa kuwa zaman ɗaki ya kama ta tun da likita ya ce asma ce, ya kuma hana ta kusantar hayaƙi. Shekara talatin, duk lokacin sanyi, sukan hura wuta a tsakar gida da yamma su sha shayi. Yanzu sai baƙin tabo a kan siminti. Ba ta taɓa ƙorafi ba. Takan dai buɗe taga ta leƙa wurin, ta mayar ta rufe.

Autarsu, wadda ke aikin jinya a wani gari, ita ta turo masa bidiyo a waya: murhun ƙarfe, wuta na ci bal-bal, ba hayaƙi ko kaɗan. Da ya ga farashin sai ya kife wayar. Bai yi minti biyar ba ya sake ɗauka. Ya kalla ya fi sau ashirin, yana tsayarwa yana zuƙowa da yatsu, har ya gane dabarar. Bango biyu ne. Iska ta shiga ta ƙasa, ta ɗau zafi a tsakaninsu, ta fito ta ƙananan huji a sama, ta ƙone hayaƙin kafin ya tashi.

Bai tsaya cin abinci ba. Ya jawo tsohuwar gangar ruwansu mai yoyo, ya ɗora a baro, sai shagon Mai Walda, abokinsa tun na samartaka.

"Wuta ba hayaƙi?" in ji Mai Walda yana ɗaga gilashin fuskarsa. "Direba, ko zaman gidan ne ya fara taɓa ka?"

"Kai dai ba ni aron injin huda ƙarfe."

"Ba na ba mara aikin yi aron kaya. Ku ne masu lalata abu don ku samu na gyarawa. Zauna nan ka yi a gabana."

A cikin tarkacen bayan shagon suka tono wata ƙaramar ganga ta man inji. Suka yanke su duka biyu daidai gwiwa, suka cinna musu wuta a fili har fenti da sauran mai suka ƙone. Kwana biyu Direba yana tsugune yana huda: manyan huji a gindin babbar, ƙanana a jere a bakin ƙaramar. Ya yanke a babban yatsa, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba.

Ranar gwaji ya ce wa matarsa ta rufe taga. Ya zura ƙaramar ganga cikin babbar, ya cika ta da itace har ya yi tozo, ya ƙyasta ashana.

Hayaƙin da ya tashi bai taɓa ganin irinsa ba. Fari, mai kauri, ya murɗa ya cika tsakar gidan ya haura katanga.

"Maƙwabci!" wata murya ta ɗago daga can. "Shanyata ce fa a igiya! Gidan kuke ƙonawa?"

Sai ya jiyo abin da ya fi wannan. Tari a bayan taga, sannan ƙarar abin shaƙarta, fushsh, fushsh. Ya sheƙa wa wutar bokitin ruwa, hayaƙin ya ƙara turnuƙewa. Ya ruga ɗaki.

Tana zaune a bakin gado, hannu a ƙirji. Ya tsaya, ya durƙusa, ya sake miƙewa, bai san inda zai sa kansa ba.

"Ka bar shi haka nan, Baban Auta," ta ce da numfashinta ya daidaita. "Na haƙura da wutar."

"Ni na jawo miki."

"Tagar ce ba ta rufuwa da kyau. Amma na ga wani abu. Tsakanin gangunan nan ta sama a buɗe yake. Zafin ta nan yake ficewa, ina ganin iskar tana rawa. Me zai kai shi cikin hujin naka, alhali ga babbar hanya?"

Ya zuba mata ido. Kafin ta ce wani abu ya fita, ya loda gangunan da itacen a baro, sai shagon Mai Walda.

Mai Walda ya saurara yana sosa ƙeya. "Wato matarka ta fi mu kai, mu biyu a haɗe." Ya ɗauko murfin gangar da suka yar, ya yanko zobe, ya liƙe gibin da walda. Sannan ya ɗaga wani guntun itacen ya sa a kunci. "Wannan kuma ɗanye ne, malam direba. Ga shi ka lafta kamar lodin kasuwa. Kada ya wuce hujin."

A shagon suka gwada sau uku kafin Direba ya yarda ya mayar da shi gida. Sai da ya toshe tagar da tsumma, ya leƙa ya ba maƙwabciya haƙuri, ya roƙe ta ta kwashe shanya.

Da farko ya yi hayaƙi, siriri. Direba ya zaga, ya duba agogo, ya sake zagawa. Can da ƙarfen ya ɗau zafi, sai ga ƙananan harsunan wuta suna fitowa ta hujin, a jere kamar na murhun gas. Sama ta washe. Ya sunkuya ya shinshina, ya koma ɗaya ɓangaren ya shinshina, sannan ya ƙwanƙwasa tagar.

Ta fito da abin shaƙarta a hannu, ta ajiye kujera can nesa kusa da ƙofa. Bayan ɗan lokaci ta jawo ta taku biyu. Ta sake jawowa. Ta miƙa tafukanta.

"Ya ƙirjin?" ya tambaya.

"Lafiya."

"Kin tabbata?"

"Sau huɗu ke nan kana tambaya. Matsa, ka tare min wutar."

Suka zauna har itacen ya zama garwashi.

Da safe da ya ɗaga gangar zai zubar da toka, sai ya tarar zafi ya tsaga simintin, tsaga mai tsawon kamu biyu. Ya kira ta ta gani. Tana cikin cewa ai da an ɗora shi a kan bulo, ta waiwaya ta ga ba kowa. Ƙarar tayar baro kawai take jiyowa daga waje.