Motar Ɗauko Mai Jego

Yero bakanike ya zaro sandar gwada baƙin mai ya miƙa ta daidai hancin Sagiru. Abin da ke jikinta ba baƙi ba ne, ya yi fari-fari kamar shayin da aka zabga wa madara.

"Ruwa da mai sun ɗaura aure," in ji Yero. "Gaskit ya ƙone. Sai an sauke kan inji."

Sagiru ya ce a ɗura wa motar ruwa kawai, Turba za shi ya dawo, ba Makka ba. Yero bai ko dube shi ba. Ya ce gaskit faifai ne siriri tsakanin kan inji da gangar jikinsa, shi ke raba ruwa da mai da wuta, in ya tafi kuwa ko rijiya aka juye wa motar sai ta shanye. Ya kama kwance wayoyi yana 'yar waƙarsa, kamar wanda ba shi da wani aiki sai wannan har ƙarshen duniya.

Sagiru kuwa yau ɗin nan yake da ita. Matarsa Ikilima tana gidan iyayenta a Turba wajen wankan jegon fari, an yi arba'in, yau ce ranar da ya ce zai ɗauko ta. Tun ranar suna surukinsa Malam Lawwali ya faɗa a gaban mutane cewa ɗiyarsa da jariri ba za su hau babur a wannan hanya ba, sai dai mota. Ya kuma ƙara da wata wadda har yanzu take ci wa Sagiru rai: wai shi bai taɓa ganin yaron nan ya kama abu ya kai shi ƙarshe ba. Boko ya bari, ɗinki ya bari, ko rumfar sayar da fetur da ya kafa damina ɗaya ta yi. A kan wannan magana Sagiru ya sayar da babur ɗinsa na kabu-kabu ya sayi tsohuwar motar nan da ta riga shi zuwa duniya.

Ga kuma hanya. Saboda 'yan bindiga, motocin da ke barin Sabon Birni zuwa Isa sun daina fita ɗaiɗai. Taruwa suke yi a tasha, bayan azahar jami'an tsaro su raka su ayari guda. Wanda ayari ya bari, sai wani jiƙon.

Da aka sauke kan injin, Yero ya ɗora masa ƙarfen awo ya ɗaga shi saitin rana. Haske ya ɓullo ta ƙarƙashi. Zafi ya tanƙwara shi. Na'urar gyara wannan sai Sakkwato, don haka ya shimfiɗa takardar yashi a kan wani gilashi mai kauri, ya ce Sagiru ya yi ta gogawa, gaba da baya, ba dannawa. Sagiru ya goga har kafaɗunsa suka yi tsami. Ya kai masa, ya ce saura. Ya sake kai masa, ya ce saura. A ta uku Sagiru ya ce ko madubin amarya ake so a yi da shi.

"In ka gaji aje," in ji Yero. "Ba ni aka yi wa haihuwa ba."

Rana ta kusa tsaka sannan aka shimfiɗa sabon gaskit, shi kaɗai ya rage a shagon kayan mota na bakin tasha. Yero ya ɗora kan injin, ya zura kusoshin da hannu, ya miƙa hannu zai ɗauki sifana. Sai aka ji salati daga bakin titi. Malam Ubaidullahi mai faci ne, wanda ya tsufa a ƙofar garejin nan, ya cika da safe, ga shi an ɗauko shi. Gaba ɗaya gareji ya ajiye aiki. Mai walda ya kashe wuta, masu fenti suka aje kwano, Yero ya wanke hannu da fetur da ƙasa ya ɗauki hularsa.

Sagiru ya ce shi zai tsaya gadin kayan aiki. Ya san an gane shi, bai dai ɗaga ido ba.

"Kada ka taɓa komi," in ji Yero, ya bi bayan makara.

Sagiru ya zauna. Ya tashi. Ya leƙa tasha ya ga direbobi har sun fara jera motoci ana ɗaure kaya. Ya dawo ya tsaya a kan injin. Kusoshi ne fa kawai, an riga an zura su, ɗaurewa ta rage. Wanda ya yi shekaru yana kwance babur yana haɗawa, ɗaure ƙusa zai gagare shi? Ya ɗauki sifana, ya zura mata bututun ƙarfe don ƙarin ƙarfi, ya fara daga ta gaba. Ya danne ta har sai da ta yi kuka, ya koma ta kusa da ita, ya bi layi har ƙarshe, ya dawo ɗaya layin. Zufa na zuba, amma ransa fari.

Yero ya dawo da ƙasar maƙabarta a gwiwar wandonsa. Ya sa sifana a kan ƙusa ɗaya, ta ƙi motsi. Ya gwada wata.

"Daga ina kaf faro?"

"Daga gaba. Na bi su bi da bi."

Yero ya nemi wata tsohuwar taya ya zauna. Ya tambayi Sagiru ko ya taɓa ganin mai ganga ya ja tsirkiya ɗaya har ƙarshe ya bar sauran. Daga tsakiya ake farawa, a tsallaka nan a tsallaka can, kaɗan-kaɗan, a zagayo, har fata ta kwanta daidai. Yanzu gaskit ya danne a karkace, kuma wanda ya danne a karkace ba ya miƙewa. Ya ce a bari gobe a aiko da wani daga Sakkwato.

Sagiru ya ce a haɗa haka nan. Aka haɗa, aka zuba sabon mai da ruwa. Bugu ɗaya ta tashi, tana kaɗawa lafiya lau, ko hayaƙi babu. Ya dubi Yero yana murmushi.

"Sanyi gare ta yanzu," in ji Yero. "Allah shi kiyaye hanya."

Sagiru ne na ƙarshe a ayari. Har mararrabar Turba allurar zafi ba ta motsa ba, ya rabu da sauran motoci ya sauka hanyar ƙasa yana tsara yadda zai danna oda a ƙofar gidan. Bai yi nisa ba allurar ta fara hawa. Farin hayaƙi ya cika madubi. Ya tsaya ya juye jarkar ruwa, ta shanye. Ya ƙara matsawa, ta yi tari biyu ta mutu.

Shiru. Karan dawa hagu da dama, ba kowa, rana ta sunkuya. Ya tuna irin labaran da ake bayarwa a kan wannan hanya. Da ya ji motsi cikin kara sai da ya durƙusa bayan mota. Amalanke ce ta ɓullo, bijimai biyu na ja, an loda dammunan gero. Mai riƙe da igiya kuwa Malam Lawwali ne.

Sagiru ya cire takalmi ya tsuguna. Dattijon ya amsa gaisuwa a tsanake, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ya kwance igiyar da ya ɗaure gero da ita ya miƙo masa.

Haka suka shiga Turba, bijimai a gaba, mota a baya, Sagiru na riƙe da sitiyari. Masu alwala a ƙofar masallaci suka dakata da buta a hannu.

A zaure Malam Lawwali ya ce mai jego tana nan har motar ta warke, ga tabarma, gobe kuma akwai sauran gero a gona. Da ya shige ciki, Sagiru ya kira Yero a waya. Bakaniken ya ce zai biyo ayarin jibi da gaskit, kada a taɓa komai. Sagiru ya ce to.

Aka turo kwanon tuwo ta ƙarƙashin asabari. Ya gane hannun.

"An ce da mota ka zo," in ji Ikilima a hankali.

"Da mota na zo."

"To ka cika rabi. Saura komawa."

Can ciki jaririn ya fara kuka, hannun ya janye. Sagiru ya ture kwanon gefe, ya fita ya kama sauke gero kafin duhu ya yi.